Sunan da Ke Ƙarƙashin Hoton Mai Tsaron Raga

Zuwa ga Hajiya Shugabar Ƙungiyar Ƙwallon Hannu ta Mata ta nan Garwa, tare da sauran 'yan kwamitinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da iyalinki da 'yan wasanki, ina roƙon ki yi haƙuri da tsawon wannan takarda. Ni tsoho ne, hannuna yana rawa, kwana huɗu na yi ina rubuta ta. Na fitar da ita a fili ne saboda sau uku ina zuwa ofishinku ban samu ganinki ba, kuma ban tabbata ƙafafuna za su kai ni na huɗu ba.

Sunana Sa'idu. A da ana ce mini Metir Sa'idu, wato malamin makaranta, don na koyar a firamare har ƙarfina ya ƙare. Ni ne magatakardan ƙungiyarku na farko, tun ba ta da ofis sai aljihun rigata. Ina magana ne a kan hoton 'yan wasan farko da kuka rataye a zauren sabon ɗakin wasanku, da sunan da kuka rubuta ƙarƙashin mai tsaron raga. Kun rubuta Asma'u. Wannan ba Asma'u ba ce. Hauwa'u ce, matata, Allah ya jiƙanta. An gaya mini kafin bikin tunawa da kafa ƙungiya za a sassaƙa sunayen nan a jikin dutse a ƙofar ɗakin. Takarda ana cire ta a sake, dutse kuwa in an kafa shi an gama.

Na farko, bari in faɗi yadda abin ya faru, don laifin ba naku ba ne, nawa ne.

Ƙungiyar nan a bayan makarantarmu aka haife ta, a wani fili mai tsakuwa. Da toka muke ja layi, in iska ta taso mu sake. Ƙwallo ɗaya gare mu, baduku ya ɗinke ta har ta daina zama zagaye. 'Yan matan ƙaro suke jiƙawa su shafa a yatsu don ƙwallo ta kama hannu, in an tashi wasa sai ka ga tsakuwa ta manne musu a tafi. Wata rana mai tsaron ragarmu ba ta zo ba. Akwai wata yarinya da ta zo daga wani ƙauye kusa da Ngong, tana zaune wajen baffanta, kullum takan tsaya kallo da tallan gyaɗa. Aka ce ta shiga ta tsaya kawai don raga kada ta zama babu kowa. Ta ajiye faranti, ta ɗaure zane, ta tsaya. Har aka tashi ba wadda ta zura mata ƙwallo. Da aka tambaye ta inda ta koya, sai ta ce ita dai tun tana ƙarama aikinta korar tsuntsaye a gonar dawa da tare awaki a ƙofar garke, kuma akuya ta fi ƙwallo wayo.

Da lokacin shiga gasa ya zo, hukumar wasanni ta ce sai kowace 'yar wasa ta kawo takardar haihuwa kafin a ba ta lasisi. Hauwa'u ba ta da ita. A ƙauyensu ba wanda ya taɓa zuwa ya rubuta haihuwar ɗiya mace. A wancan zamanin abin da ake yi sananne ne: in yaro ba shi da takarda, sai a ɗauko ta wani ɗan gida mai kusan shekarunsa, ya shiga makaranta da ita, ya yi jarrabawa da ita, wani ma har ya yi aikin gwamnati da sunan ɗan'uwansa. Ba a ɗauke shi zamba ba, aro ne kamar aron tabarma. Baffanta ya miƙo takardar 'yarsa Asma'u. Ni na zauna na cike fom ɗin da rubutuna mai kyau, na manna hoton Hauwa'u, na rubuta sunan Asma'u. Na yi zaton na shekara ɗaya ne.

Na biyu, ina so ku san abin da wannan mace ta yi wa ƙungiyarku, tunda takardunku ba za su gaya muku ba.

Da ita muka doke ƙungiyoyin Marwa da Ngawundare har muka zama zakarun arewa. Da ita muka tafi kudu wasan ƙarshe na kofin ƙasa, a bayan babbar mota har Ngawundare, daga can muka hau jirgin ƙasa. Mahautan babbar kasuwa ne suka haɗa mana guzurin kilishi, Sarkin Pawa na lokacin ya ce in mun dawo hannu wofi mu biyo ta bayan gari, kada mu bi ta gaban rumfarsa. A wasan nan, ana gab da tashi, muna gaba da ci ɗaya, alƙali ya ba su jifan daga kai sai mai tsaron raga. Ina zaune a benci na rufe ido. Ihun mutane ne ya sa na buɗe, na gan ta durƙushe ta rungume ƙwallo a ciki, ɗan yatsanta ya karye. Yatsan nan bai sake miƙewa ba har ta koma ga Allah. Kofin da ke tsakiyar kabad ɗinku, wanda ya fi sauran tsufa da ƙanƙanta, shi ne wannan. Da muka dawo, tun daga gadar Binuwai mutane suka tare mu, suna kiran sunan Asma'u, ita kuwa tana ɗaga musu hannu tana dariya.

Bayan haka kun ci wasu kofuna, kun fita ƙasashen waje da tutar ƙasa, yau 'yan wasanku wannan ce sana'arsu, suna da motarsu da likitansu da ɗaki mai rufi. Wallahi ina murna. Duk ranar da kuke wasa rediyona yana kunne. Amma yawancin iyayen da suke barin 'ya'yansu mata su zo fili, bayan dawowarmu da kofin nan suka fara.

Za ki tambaya me ya hana ni gyarawa tun tuni. Tsoro ne. Mun ji tsoron in hukuma ta ji, za ta ƙwace kofin. Da muka yi aure ta bar wasa, sai maganar ta zama abin barkwanci a gida. In na ɓata mata rai takan ce in yi hankali, ita Hauwa'u ba ta taɓa sa hannu a wata takarda ba, in ina da ƙara in kai wa Asma'u. Kowa a unguwa ya san gaskiya, shi ya sa ban ga gaggawa ba. Ban lura ba waɗanda suka sani suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mai horar da ƙungiyar ya rasu, 'yan wasan da ke hoton nan ban san inda ko ɗaya take da rai ba. Shekara uku ke nan da Hauwa'u ta bi su. 'Yarmu ɗaya tana aure a Kusiri, sai a waya muke gaisawa. Ni kaɗai ne a gida, kuma in gari ya waye har yanzu nakan ɗauko kofin shayi biyu.

Na uku, abin da ya same ni a ofishinku. Hotunanmu na gida ruwa ya ci su shekarar da ɗakinmu ya rushe. Ba ni da hoton ƙuruciyarta ko ɗaya. Da wani maƙwabci ya ce ya ga tsohon hoto a wajenku, na hau babur na je. Na gan ta, Hajiya. Tana durƙushe a gaba, ta ɗora hannu a kan ƙwallo, ta ɗan karkata kai kamar yadda take yi in tana shirin tsokana. Na daɗe a tsaye. Sannan na karanta abin da ke ƙasa.

Na shiga wajen sakatariyarku na yi bayani. Yarinya ce mai ladabi, ta ba ni kujera, ta kira ni Baba. Ta ɗauko tsohon fayil ta nuna mini lasisin, ta ce ga shi da hatimi, takarda ba ta ƙarya. Na ce mata rubutun nan nawa ne. Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa. Zuwa na biyu aka ce kina taro. Zuwa na uku mai gadi ya ce an hana shiga zaure sai ranar wasa, ko hoton ban gani ba. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma abin da ciwo a ce ƙaryar da na rubuta da hannuna an yarda da ita, gaskiyar da nake faɗa da bakina an ƙi.

Ga roƙona.

Ku aika mutum Ngong. Asma'u ta ainihi tana can da ranta, ta tsufa amma hankalinta garau. Da aka kira mini ita a waya ta ce a gaya muku ita ko lemo aka jefa mata ba ta iya cafewa, kuma ta gaji da amsa gaisuwar kofin da ba ta taɓa gani ba. A shirye take ta yi shaida. Ni ma a kawo takarda da alƙalami, in sake rubuta sunan a gabanku ku gwada da na lasisin. Hannun yana rawa, amma shi ne. In akwai hukunci, a kaina ya kamata ya sauka, na yarda, a rubuta cewa magatakarda ne ya yi.

Ku dakatar da mai sassaƙa dutsen har ku bincika.

In da hali, a wanke mini hoton nan ko ƙarami ne, in ajiye kusa da shimfiɗata.

In kuma dokokinku sun hana a taɓa abin da ke fayil, to a rubuta duka biyun, a ce Hauwa'u, wadda ta yi wasa da sunan Asma'u. In wannan ma ya gagara, ina roƙon ranar bikin, kafin a busa usur, mai magana a lasifika ya kira sunanta sau ɗaya a cikin ɗakin nan. Ta tsare muku raga shekaru, ba ta taɓa jin an kira ta da sunan da ubanta ya raɗa mata a filin wasa ba. A sanar da ni ranar, zan zo tun da wuri, a ba ni wuri kusa da lasifikar, saboda kunnena ya yi nauyi.

Allah ya taimake ki a kan shugabancin da ya ɗora miki, ya tsare 'yan matanki daga rauni, ya ƙara muku nasara gida da waje. Allah ya jiƙan waɗanda ke cikin hoton nan, ya haɗa mu da su a inda ba a tambayar takarda.

Wassalam.

Naki,
Sa'idu, mijin Hauwa'u mai tsaron raga,
Garwa.