Gobe Zan Ɗauki Dutsen Niƙanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ni ne Garba, ɗanki na fari, wanda yanzu daga Gwashi har Nasarawa Burkullu ake kira Garba Mai Inji. Na san ba ke za ki karanta wannan ba, masu bina a waya ne za su karanta. To su karanta. Na gaya wa masu rai har muryata ta dishe, shi ya sa na juyo gare ki.

Inna, sun kama Nasiru.

Autanki, wanda kika damƙa mini hannunsa lokacin da ciwo ya ci ƙarfinki, kika ce, "Wanga yaro ba shi da baki, Garba, kai ne bakinai." Yau bakin nan ya yi magana ko'ina, ba wanda ya saurara.

Ga yadda abin ya faru. Gwamnati ta hana sayar da fetur a jarka, wai don kada ya kai hannun ɓarayin daji. Garinmu kuwa kin sani, babu gidan mai, kuma injin niƙa ba ya tashi da ƙafarsa ya je ya sha mai ya dawo. Injunan niƙa duka suka yi shiru. Mata suka koma kan dutse, har da Hadiza matar Nasiru, da tsohon cikinta. Nasiru ya shigo ya same ta durƙushe tana niƙa tana haki. Bai nemi shawarata ba, halinsa ke nan. Ya ɗauki galan ya nufi wajen Gummi. A hanyar dawowa jami'an tsaro masu shingen hanya suka tare shi, suka ce ɓarayi yake kai wa mai. Suka ce infoma ne. Nasiru, Inna, wanda ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira ni.

Har yau ba a kai shi gaban alƙali ba. Inda aka ce mini yana can, na je, aka ce an ɗauke shi. Inda aka ce an mayar da shi, na je, aka ce ba su san sunan ba.

Kin san ɗanki. Da na gama sakandare ban zauna jiran kowa ba. Na tura kurar ruwa a Gummi, na shiga ramin zinare a ƙasar Anka, na fito da raina lokacin da gubar dalma ta fara kwashe yara a Dareta. Da guminan nan na sayi injin farko. Ban taɓa cire takalmi a ƙofar wani don neman alfarma ba, kuma ina faɗa da bakina a kasuwa. To yanzu na cire, Inna. Na cire a ƙofar kansila, yaron da na sha goya wa buhu a kan babur. Na cire a ƙofar wani da aka ce yana kusa da manya. Na durƙusa har gwiwata ta taɓa ƙasa. Amsa ɗaya ce: ka yi haƙuri, maganar tsaro ce. Wani ma dubana ya yi ya ce, wace jam'iyya ta turo ka?

Ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne, amma ina da ido. Hukumar nan hani kaɗai ta iya. An kawo hari, sai a rufe kasuwa. An sake kawowa, sai a hana babur, a hana mai, a hana taro. Duk abin da talaka ke rayuwa da shi an sa masa kwaɗo, su kuwa na daji baburansu ba su taɓa tsayawa ba, muna jin ƙararsu daga gona. Wa yake ba su man? Mai galan ɗaya? Idan ka tambaya sai a ce ba ka da tarbiyya, shugaba ba a yi masa tambaya. Ni kuwa abin da na sani, wanda ya zo ƙofata ya roƙi ƙuri'ata dole ya amsa mini in na tambaye shi ina ƙanena. Kuma mutum ko mai laifi ne, a kai shi kotu a faɗi laifinsa a gaban jama'a.

Ƙawarki Gwaggo Tumba ce ta buɗe mana hanya. Tana nan da ranta, bakin nan nata ma yana nan. Ta zo rumfar inji da kwanonta babu ko ƙwayar hatsi a ciki, ta kife shi a inda ake jera layi, ta ce, "Tunda sun maishe mu ga dutse, mu kai masu dutsen su gani." Taro an hana, matan kuma yawanci suna cikin gida. Sai muka yi haka: duk gidan da ya yarda zai fita da dutsen niƙansa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, ya aiko da kwanonsa a kife a layi. Ba rubutu, ba suna. Buƙatarmu biyu, a fito da Nasiru gaban alƙali, a kuma bar masu inji su sayi mai da sanin hukuma.

Inna, da kin ga layin nan. Ya fita daga rumfa, ya wuce gindin dogonyaro, ya kusa kwanar masallaci. Kowane kwano na san gidansu, shekara da shekaru ina zuba musu gari. Na tsaya ina kallo, na ce ashe garin nan yana da zuciya.

Sai maigari ya sa aka yi shela, duk wanda ya fita babu ruwansa da abin da ya same shi. Ranar Juma'a liman ya hau mumbari ya ce biyayya ga shugabanni wajibi ce, kuma mace ta gari ba ta fita titi. Na zauna a sahu ina ta cizon leɓe. Amma ranar da ɓarayi suka kawo mana hari, matan nan suka fita da gudu ba mayafi ba takalmi, da goyo a baya, har bakin gulbi. Ba wanda ya yi huɗuba a kan wannan fitar.

Daga ranar mazaje suka fara zuwa ɗaukar kwanoni. Mutum ya sunkuya ya ɗauka, ya sa a ƙarƙashin riga, ba ya haɗa ido da ni. Ban ga laifinsu ba. Kalmar infoma in ta hau kan mutum, har 'ya'yansa ba su tsira ba. Yau abin da ya rage a layi bai kai ƙarshen inuwar rumfa ba. Gobe ce ranar.

Ɗazu bayan la'asar na zaga bayan rumbu na tono dutsenki. Kin tuna ranar da na kawo injin farko, na mirgina shi can, na ce kin gama durƙuso har abada? Kika yi dariya kika ce, "Aje shi dai, kak ka yar." Na wanke shi. Tsakiyarsa ta lotsa daidai inda hannuwanki suka ci shi. Da shi kika yi furar da ta kai ni makaranta. Na tuna kantar da ke gwiwoyinki, wadda nake taɓawa ina yaro ina tambayar ko tana ciwo, ki ce a'a, alhali tana yi.

Na gwada ɗaga shi, Inna. Yana da nauyi, ban san haka kika sha ba. Gwaggo Tumba ta naɗa mini gammo da tsohon zanenta, tana dariya tana cewa yau ga Mai Inji da gammo. Ni ma na yi dariyar, sai na ji hawaye a bakina.

Tsoro nake ji, ke kaɗai zan gaya wa. In muka fita mu kaɗan, ɗaukata za su yi kamar yadda suka ɗauki Nasiru, gida biyu su zauna babu namiji, Hadiza kuma haihuwa ko yau ko gobe. In na zauna, shi ke nan, ba sauran mai ambaton sunansa. Na juya abin ta kowace fuska, ban sami inda zan zauna in ci tuwo ƙanena yana inda ban sani ba.

Saboda haka zan fita, ko da ni da tsohuwar nan ne kawai. Masu karanta wannan daga Anka, Gummi da Bukkuyum, ban ce ku zo ba, amma kowannenku akwai dutse a bayan rumbun gidansu.

Ya Allah Ka jiƙan Inna, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ya Allah Ka tsare Nasiru a duk inda yake, Ka sa yana da rai, Ka sauki Hadiza lafiya, Ka sa ɗan ya buɗe ido ya ga ubansa. Ka ba wuyana ƙarfi gobe, kada in sauke kayan nan a hanya.

Na san za su sake tambayata wa ya turo ni. Zan sauke dutsen a gabansu, Inna, in ce mai wannan ce.

Ɗanki da kika bar wa amana,
Garba Mai Inji.