Wanne Za A Hura Wa Baba?

Kano

Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya su Fauziyya? Direban Gaya na ba wa wannan, don ko waya na ɗaga Baba sai ya kasa kunne.

Likita ta ce jijiyar zuciyarsa ɗaya ta tsuke. Za su zura siririn bututu ta hannunsa, su hura balan-balan a ciki ta buɗe. Iri biyu ne. Na farko, a hura a bar ragar ƙarfe ta tokare wurin, amma zai daɗe yana shan ƙwayoyin hana jini daskarewa, kuma in ya yi fashi ragar tana iya toshewa. Na biyu shafe yake da magani, a hura a zare, ba a barin komai, shan ƙwayoyin ma bai kai na wancan daɗewa ba. Sai dai in jijiyar ta tsage, dole a koma raga.

Ni gani nake ƙarfe ya fi ƙwari. Wallahi tsoro nake ji, ko abinci na kasa ci.

Ƙaninki, Barau

Gaya

Barau,

Wa'alaikumus salam. Kai da ƙarfe! Ƙofar rumbu za a gyara?

Ka manta wane ne Baba? Maganin hawan jininsa na bara a gindin darbejiyar masallacin garinmu Toranke ya ƙare. Duk wanda ya ce wash, hannun Baba na cikin aljihu, kamar mai rabon goro. Amininsa Gwadabe ma ya fi shi shansa. Ka gaya wa likita wannan tiryan-tiryan, kada kunya ta hana ka. In jijiyar za ta karɓa, a hura mai maganin.

Allah ya tashi kafaɗunsa.

Yayarka, Lauratu

Kano

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gaya mata, ta yarda, an hura mai maganin. Jijiyar ta tsage, sai da aka sa raga.

Ya farfaɗo, Alhamdulillah. Amma da aka kawo ƙwayoyin, nan take ya roƙi nas ta ƙaro masa, wai Gwadabe ma ƙirjinsa yana damunsa.

Naki, Barau

Gaya

Barau,

Sannu da jinya. Baban Fauziyya ya amince in koma Toranke, ni zan riƙa sa masa a baki. Kada ka kuskura ka miƙa masa kwalin.

In ka ba shi na yau, ka tsaya sai ya haɗiye. Kuma ka duba aljihunsa kafin ku taso.

Sai kun iso lafiya.

Lauratu