Taubashi Na Ce, Ban Ce Kaka Ba

Zuwa ga Baba Yohanna, mai makarantar sakandaren da nake koyarwa a Kakuri.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da Mama kuna lafiya. Ni ce Rifkatu, malamar ilimin halittu da ka dakatar. Na zo ofishinka, maigadi ya ce ba ka nan, alhali ga motarka a gindin mangwaro. Tunda a bainar jama'a ka ci mutuncina, a bainar jama'a zan amsa.

Na farko, abin da na koyar. Darasin rarraba halittu ne bisa dangantakarsu ta asali, yana cikin manhajar gwamnati, ba daga gidanmu na zo da shi ba. Na zana bishiya a allo, na nuna wa 'yan ajin ƙarshe cewa kama da wane ba wane ba ne. Jemage yana tashi, amma yana shayar da ɗansa, saboda haka ya fi kusa da akuya a kan tattabara. Kada na ruwa, wanda garin nan ya ci sunansa, ya fi kusa da kaza a kan ƙadangare. Yara suka yi ta dariya, sai wata ɗaliba ta ce, "Malama, to mu da biri fa?" Na ce a wannan bishiya biri taubashi ne, reshensa daban, namu daban, can ƙasa aka haɗu. Taubashi na ce, ban ce kaka ba.

Na biyu, abin da ka yi. Kafin maganar ta isa gida ta canza riga. Washegari mahaifin wani yaro ya zo yana kumfar baki, wai na ce kakansa biri ne. Ban ga laifinsa ba, mutanenmu sun sha wannan zagi, ni ma an taɓa jifata da shi a cikin bas. Laifinka nake gani. Ba ka kira ni ba, ba ka tambayi ajin ba. Ranar Litinin ka ɗauki lasifika a filin makaranta, a gaban ɗalibai, ka ce, "Ba za mu ajiye marar tsoron Allah a makarantar nan ba." Ina tsaye a layin malamai, da allina a hannu. Haba Baba! Ko ɓarawon akuya ana jin ta bakinsa.

Na uku, abin da ya biyo baya. Shugabar zumuntar mata ta ce in ɗan huta da ba da waƙa a coci, ni da na tashi a cikin ƙungiyar mawaƙan coci. Yaran layinmu a Barnawa suna soshe-soshen hammata irin na biri idan na wuce. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Aiki ana samun wani, amma suna ɗaya gare ni.

Na huɗu, ka tuna ranar da ka ɗauke ni aiki. Da ka ji sunan ƙauyenmu sai ka ture takarduna gefe, ka shiga tambayata wa ya haifi wa, har muka gano mahaifiyarka da kakata gida ɗaya suka fito. Ba mu yi kama ba, kai dogo ni gajera, amma ka tashi da murna ka ce, "Ashe 'yar'uwata ce!" Wannan aikin da ka yi, shi na koya wa yara. Ranar ba wanda ya ce ni na haife ka.

Ga buƙatata. Ka tara ajin nan da mahaifin yaron, a tambaye su a gabana. In ta tabbata kaka na ce, zan kwashe kayana ba sai an kore ni ba. In kuwa taubashi ne, ka ɗauki lasifikar nan a filin nan, ka wanke ni da bakin da ka ɓata ni, ka mayar da ni aji.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba ka kunnen sauraro. In kuma wannan ya fi ƙarfinka, roƙona ɗaya ne: Kirsimeti na zuwa, za mu haɗu a ƙauye, kada ka kira ni 'yar'uwa a gaban mutane.

Wassalam.

Malama Rifkatu, Barnawa.