Baƙar Kwamfutar da Na Ƙi Sayo Miki

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, ruwan farko mai sauka kan busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya tashi! Kurciyata, matata, abokiyar sirrina,

Ina gaishe ki da hannun da ya yi miki laifi, don ba ni da wani hannun. Yau kwana tara rabona da jin motsinki a gidan nan. Kwana tara! Ashe haka ɗaki yake ƙara faɗi idan mutum ɗaya ya fita daga cikinsa? Teburin da na ƙera miki yana nan jikin taga, kofinki mai tsagaggen baki yana kansa, kuma har yau na kasa ɗauke shi. Jiya a wurin aiki na yanka katako ɗaya sau biyu ba daidai ba, ni da ake kawo wa aikin da ya gagari wasu kafintoci. Zarto yana hannuna, hankalina yana ƙofar gidan Yaya, babbar 'yar'uwarki.

Kin tuna ranar da ruwan sama ya tsare ni a shagon buga takardun da kike aiki, shekara huɗu da suka wuce? Na je gyara musu kantar shagon, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kowa ya riga ya fita cin abincin rana sai ke. Kina zaune gaban tsohuwar kwamfutar shagon, allonta baƙi wuluk, fararen haruffa suna gudu a kai kamar tururuwa. Na ɗauka ta lalace ne. Kika ce lafiyarta ƙalau, Linux ce a kanta, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, wadda ba a sayar da ita, mutane daga ko'ina suka haɗu suka gina, kuma kowa yana da ikon buɗe cikinta ya ga yadda aka haɗa, har ya gyara. Na ce ashe kujera ce da ba a rufe ƙasanta da yadi ba. Wayyo dariyar da kika yi! Dariya mai kama da ɓarin ruwa a randa. Sannan kika taɓa wasu haruffa, sai ga sunan da kika raɗa mini a take, Sarkin Ƙusa, ya cika allon daga sama har ƙasa. Tun daga ranar ban ƙara mallakar zuciyata ba. Abin da ya fara ja na gare ki ke nan, wannan kan naki mai kaifi kamar sabon kurfin sassaƙa. To, ta yaya mutum zai so fitila don haskenta, sannan ya sa hannu ya rufe ta?

Na san kin san abin da na yi. Amma daga bakin wani kika ji, kuma ina so ki ji daga nawa, ba tare da na shafa masa fenti ba.

Da takardar makarantar nan ta zo, cewa sun yarda ki zauna jarrabawar shiga horon masu rubuta manhaja, na yi murna, Allah ya sani. Na ɗaga ki sama har kanki ya kusa taɓa fanka. Sai daga baya na karanta sauran layukan: wata tara a wani gari, tafiyar yini guda cur a mota, kuma waɗanda suka yi fice a can ake riƙe su aiki. Jarrabawar ta intanet ce, ranar Asabar ƙarfe goma na safe, kyamara a kunne, a kan laftof ɗin mutum na kansa mai Linux. Mai shagonku ya hana ki hutun ko da rabin yini, shi ya sa kika ba ni abin da muka tara, da filashin da kika zuba manhajar a ciki, da 'yar takarda da rubutun hannunki. Ga ta nan gabana yanzu. Ram, wato ƙwaƙwalwar aikinta, kada ya gaza giga takwas, kuma a iya ƙara shi. Ma'ajiya mai sauri, ba mai faifai ba. Batir ya kai awa uku. Sai na ƙarshe da kika ja wa layi biyu: ka sa filashin ka tayar da ita daga kansa, ka ga waifai da sauti da kyamara duk suna aiki kafin ka biya. Kika ce ba ruwanki da kyau, ta hannu ma ta ishe ki, in dai za ta yi aikin.

Na je wurin dattijon nan mai gyaran kwamfuta da ake kira Likita, mai tabarau ɗaure da waya. Ya karanta takardarki ya gyaɗa kai, ya ce mai wannan rubutu ta san abin da take so. Ya fito da guda biyu waɗanda kuɗinmu zai kai. Ɗaya baƙa ce, mai kauri, irin wadda ofisoshi ke sayarwa idan sun sake sababbi. Kusurwarta ta ɗan fashe, wasu haruffan sun goge saboda yawan taɓawa, nauyinta kamar guntun katakon maɗaci. Muka sa filashinki. Kafin in gyara zama ta tashi, ta jero duk waifan da ke layin shagunan, sauti ya fito tangararan. Likita ya kife ta ya nuna mini sukurori a ƙasa, ya ce nan ake buɗewa a ƙara ram, nan ake canza batir, wannan ko shekara biyar za ta yi miki. Ɗayar kuwa siririya ce, ruwan azurfa, tana sheƙi kamar kifi a ruwa. Ram ɗinta giga huɗu ne, an liƙe shi ba ya ƙaruwa. Muka sa filashin, ta tashi da ƙyar, waifai kuwa ko alamarsa. Likita ya ce, "Ɗana, wannan kyan ɗan maciji ne. Ga wani aikin za ta yi, amma ba na matarka ba."

Kin ga, ba a cuce ni ba. Ba a ruɗe ni ba. Ni da kullum nake gaya wa masu sayen gado kada su duba fenti, su ƙwanƙwasa katakon su ji!

Abin da ya faru shi ne, da muka zo gwada kyamarar baƙar, sai fuskata ta fito a allon. Garin katako a gashina, wuyan rigata ya ci, idanuna jajur. Na tsaya ina kallon mutumin nan. Sai na ga a cikin wannan 'yar tagar ce zan riƙa ganinki wata tara, kina can cikin mutanen da ke jin yaren baƙin allo, masu gane barkwancinki tun kafin ki ƙarasa, ni kuma ina nan ina tambayar ki ko kin ci abinci, don ba ni da wata tambayar. Tsoro ya kama ni, kurciyata, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da injin yanka ya ɗauke mini kan yatsa. Na ji kamar ina riƙe da tsuntsuwa, an ce in sayo mata fikafikai da kuɗina. Sai na ji bakina ya ce a ba ni mai ruwan azurfar. Likita ya dube ni ta saman tabarau, ya sake faɗa mini ba za ta yi ba. Na ce na ji.

Laraba na saye ta, amma na ɓoye ta a wurin aiki cikin akwatin kayana har yammacin Juma'a, don kada ki sami lokacin mayar da ita. Da kika tambaye ni ko na gwada, na ce na gwada, mai shago ya ce sai an gama girka manhajar waifan zai kama. Kika yarda. Me zai hana ki yarda? Yaushe na taɓa yi miki ƙarya?

Safiyar Asabar ɗin nan ba za ta bar ni ba har kabarina. Kin sa rigarki shuɗiya kamar mai zuwa ofis. Waifai ya ƙi, kika jona wayarki da igiya kika samo intanet ta nan, don ke ba kya rasa dabara. Na tsaya bakin ƙofa, kuma, Allah ya yafe mini, gabana ya faɗi da na ga ta kama. Amma da kyamara da shafin jarrabawa suka buɗe tare, sai kwamfutar ta sandare. Kika kashe, kika kunna. Ta sake sandarewa. Sau huɗu ina ƙirgawa. Agogonsu yana tafiya, har lokaci ya cika kina kan tambaya ta uku. Na jira ki yi kuka, ko ki jefe ni da ita. Ina ma kin yi! Sai kika rufe ta a hankali, kika zo kika dafa kafaɗata, kika ce, "Kada ka damu, ba laifinka ba ne, ka yi iya ƙoƙarinka." Ke aka kayar, ni kike rarrashi! Wace wuƙa ce ta kai wannan kaifi? Duk da haka na ci gaba da ɓoye miki gaskiya.

Ran Litinin kika kai ta wurin Likita don ki ji ko da gyara, shi kuma bawan Allah, bai san komai ba, ya ce ai ya gaya wa maigidanki har sau biyu. Kika dawo kika ajiye ta kan teburin. "Na je wurin Likita," shi ke nan abin da kika ce. Kika ɗauki ƙaramar jakarki, kika tafi gidan Yaya. Ban tare ƙofa ba. Da wane ido?

Ban rubuto don in wanke kaina ba, ruwan kogi ma ba zai iya ba. Na rubuto ne saboda akwai abin da ya kamata ki sani kafin Asabar mai zuwa. Na kai wa Likita takardar makarantar, na faɗa masa komai. Ya yi mini faɗan da mahaifina bai taɓa yi mini ba, a gaban masu jiran gyara, sannan ya zaunar da ni muka rubuta musu. Ban ce kwamfuta ta lalace ba. Na ce mijinta ne ya sayo wadda ya san ba za ta yi ba. Shekaranjiya suka amsa. Akwai zama na biyu ga waɗanda na'ura ta ba matsala, Asabar ɗin nan ƙarfe goma, kuma sun sa sunanki. Na buga amsar, tana cikin ambulan ɗin nan.

Baƙar da na ƙi saya, an riga an sayar da ita. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwana huɗu ina bin shaguna da takardarki da filashinki, har masu shago suka fara ce mini mai filashi. Na ga masu araha da maɓallansu suka mutu, na ga wadda fankarta ke kuka kamar injin niƙa, na ga wadda komai ya yi sai kyamara. Ranar ta huɗu na sami 'yar'uwar waccan, iri ɗaya, ta ma fi ta tabo. Batirinta ya gaji, Likita ya canza shi, ya cika ram ɗin zuwa takwas. Ya karɓi mai ruwan azurfar ya mayar mini da kuɗinta na biya wannan, ni kuma na yi masa kantoci a bangon shagonsa a madadin batir da ram, muka rabu a haka. Na zauna da ita awa uku da kwata ba caja, kyamara a kunne, shafuka goma a buɗe, ba ta ko yi tari ba. Ban girka komai a kanta ba, wannan aikinki ne. Kuma kada ki ɗauki maganata, maganata ta zube. Ki gwada ta da kanki tun yau, akwai sauran kwana uku idan kin ga aibi.

Zan faɗa miki wani abu da ya fi duk na baya nauyi. Tsoron bai tafi ba. Ko yanzu da nake naɗe kwamfutar cikin tawul don Yaya ta kai miki, akwai wani lungu a zuciyata da ke fatan tambayoyin su yi tsauri. Na ji shi, na san muryarsa, kuma ina take shi kamar yadda ake take kunama. Ba zan yi miki alkawarin na zama wani mutum cikin kwana tara ba. Abin da zan iya shi ne, ba zai ƙara riƙe mini hannu ba. Idan kin ci, ki tafi. Ni zan ɗauki jakarki zuwa tasha, ni zan nema miki kujerar jikin taga. Idan sun riƙe ki aiki, ai a can ma ana zama kan kujera, ana kwana kan gado, kafinta ba ya rasa abin yi, in har kina son in biyo ki. Idan kuma ba kya so... a nan alƙalamina ya tsaya, ya ƙi gaba.

Ya ke wata mai haska dare ba tare da ƙona kowa ba, ya ke rijiyar da na sha na ƙoshi sannan na jefa wa ƙasa! Ban ce ki dawo gida ba. Ban ce ki amsa wannan takarda ba. Kada ma ki yi tunanina kafin Asabar, ki bar kanki ga karatunki, na riga na ci miki lokaci da yawa. Yafiya kuwa ba na roƙon ta yanzu, don na san idan na roƙa za ki iya ba ni saboda taushin zuciyarki, kuma ban kai ba tukuna.

Ranar Asabar zan rufe wurin aiki. Akwai benci a gaban shagon mai walda da ke kallon gidan Yaya, a nan zan zauna tun ƙarfe tara, da caja da wayata cike da intanet, ko da taku za ta yanke. Ba zan ƙwanƙwasa ba, ba zan aiko a ce ina nan ba. Idan komai ya tafi daidai, ba sai kin leƙo ba. Zan ga sha biyu ta yi, in tashi in koma gida.

Naki jiya, naki yau, naki ko kin yi nisan da ido ba ya kaiwa,
mijinki, kafinta.