An binne ƙarin wuyana ina raye

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, domin rabin Birnin Kudu suna nan ciki, sauran rabin kuma surukaina ne. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni dai mutum ne da ba a yi wa ƙarya. Shekara da shekaru ina sayar da taki da maganin feshi, manomi yana doso shagona tun daga bakin titi nake karanta abin da ke cikinsa, kafin ya buɗe baki na ba shi amsa. A majalisarmu har cewa ake da ni aka naɗa alƙali da tuni lauyoyi sun koma noman riɗi. To jama'a, ni ɗin nan aka yi wa ƙarya tun daga bazara har kaka, a cikin gidanmu, ina dariya ina sa albarka.

Wani ƙari ne ya fito min a wuya, ƙasan kunnen hagu. Ya fara kamar gyaɗa, ya koma kamar ƙwan zabo, ni kuwa ina gaya wa mutane kai na biyu ne ke tsirowa saboda basira ta yi wa na farkon yawa. Da hula ta fara karkacewa sai na je asibiti aka yi min aiki aka cire. Likitan, wani saurayi mai haƙuri, ya zaunar da ni ya ce akwai sani iri biyu a aikinsu. Akwai wanda suke kira kilinikal, wato abin da likita ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya ji daga bakinka, kuma a wannan dai yana kyautata zaton abin ba mugu ba ne. Sai kuma fatoloji, inda ake yanka tsokar siriri a duba a ƙarƙashin madubi mai girmama abu, ita da kanta ta faɗi ko mece ce, maiƙo ne ko daji. Na ce ashe dai na farko shaidar maƙwabta ne, na biyu kuma mai laifi ne ya amsa da bakinsa. Ya yi dariya ya ce kusan haka, amma kada in yi wasa da na biyun.

Su ba su da wannan madubi, sai Kano, kuma dangin majiyyaci ne ke kaiwa. Aka sa tsokar a kwalba cikin wani ruwan magani mai warin da zai tayar da wanda ya suma, aka miƙa wa ƙanina. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni na goye shi, ni na koya masa hawa babur ɗin da yake acaɓa da shi yau. Da an ce in zaɓi wanda zan ba wa kaina gaba ɗaya ya kai Kano, shi zan ba wa. Bayan 'yan makonni ya zo ya ce, “Yaya, ka kwantar da hankalinka, sun ce maiƙo ne kawai, za su turo wa likita ta waya.” Ranar har tsire na raba a majalisa.

Da aka fara yankan gero sai na ji wurin ɗinkin ya sake tasowa, ɗan mitsitsi. Na koma asibiti. Likita ya ce shi babu sakamakon da ya taɓa zuwa masa, ya kira Kano a gabana, suka ce ba a taɓa kawo musu komai da sunana ba. 

Na sa ƙanina a gaba, ya yi ta kame-kame, daga baya ya fashe da kuka ya faɗa. Ashe ranar da aka ba shi kwalbar ƙauyenmu ya wuce, can Zandam, ya kwana da niyyar ya yi sammako. Inna ta ga kwalbar ta tambaya, da ta ji mece ce sai ta rungume ta tana kuka, ta ce ba za a kai tsokar ɗanta hannun waɗanda ba su san ubansa ba, su yayyanka su watsa a shara. Naman mutum ƙasa ake ba wa. Aka kira Kawu, aka zubar da ruwan maganin, aka naɗe tsokar a farin ƙyalle, aka binne a gefen maƙabarta. Ni ina kwance a Birnin Kudu ina ba nas-nas dariya, ashe a ƙauye an fara jana'izata kashi-kashi.

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa mahaluki ba. Ya ce shi tsakanin fushina da hawayen Inna ya zaɓa, kuma ai likita da bakinsa ya ce abin ba mugu ba ne. Na ce zato ya yi, tabbacin kuka binne. Binnewar ma ba ita ta fi ci min rai ba, Inna da soyayya ta yi, iya saninta ke nan. Ƙaryar ce. Da ya gaya min a makon, da tuni likita ya san matakin ɗauka. Yanzu likitan ya ce wannan kumburin zai iya zama tabon ɗinki, zai iya zama abin ne ya dawo, hanya ɗaya ce ta sani, a sake ɗibar tsoka a kai Kano. Inna kuwa ta aiko Kawu ya gaya min idan na bari aka sake yankar namana aka kai Kano, ba da yawunta ba, ga ta da hawan jini. Ina da 'ya'ya ƙanana, ina so in san abin da ke wuyana.

Malaman zauren nan, in na je a ɓoye na saɓa wa mahaifiya? Ma'aikatan lafiya, ana iya dawo wa mutum da ragowar tsokar bayan an duba, in kawo mata ta binne? Shi kuma ƙanina, da wane ido zan sake kallonsa? Don Allah ku faɗa min abin yi, domin a gida ba ni da wanda zan tambaya. Jiya na zauna ina kai wa maiɗakina ƙara, ina rantsuwa da na ji ko ƙishin-ƙishin abin, da na juya Zandam kanta ƙasa. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba ta ce, “Baban yara, rage murya. Wainar sadakar binnewar da Inna ta aiko, kai ka cinye kwano guda, har kana tambaya ko da saura.”