Dattijo Mai Tsintar Ƙyalle

Kakuri, Kaduna
9 ga Satumba, 2024

Zuwa ga 'yata Irene,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya aikin asibiti, yaya ruwan Jos? Ni lafiyata ƙalau in ban da gwiwa, ita kuwa mun daɗe da sabawa da juna. Na rubuto ne maimakon waya don kin san halin kunnena, kuma abin da ke cina ba na minti biyu ba ne. Sam direba zai kawo miki takardar, kamar yadda ya saba kawo saƙo.

Irene, jiya an ci mutuncin mahaifinki a coci, kuma da sunan ƙauna aka ci shi.

Bari in faro miki daga tushe, don ban taɓa gaya miki ba. A watan Maris na buɗe akwatin marigayiya mamarki, na tarar da wani gwangwanin biskit cike da ƙyallayen atamfa da ta yanka daidai wa daida, ta harhaɗa su gida-gida, gida goma sha biyu. Bargo ta fara, irin wanda wata Baturiyar mishan ta koya musu a Kagoro tun tana budurwa. Na zauna ina kallonsu, sai na ja keken ɗinkinta daga lungu, na share, na sa masa mai. Ɗinkina na farko ya karkace kamar hanyar ƙauyenmu. Malam Zakariyya'u, telan nan na bakin kasuwa, shi ya nuna mini yadda ake daidaita zare, yana yi yana dariya. Yau ina da gida sittin cikin tamanin da nake nema, kuma bargon naki ne, saboda sanyin garinku.

Farin yadin da zan shimfiɗa a bayansa da audugar ciki, saye na yi, har tsallaken kogi na je babbar kasuwa. Wani yaron kanti ya so ya cusa mini roba da sunan auduga zalla. Na murza, na shaƙa, na ɗaga a rana, na miƙa masa kayansa. Mutumin da ya yi shekara ashirin da bakwai yana haɗa launi a masaƙa ba shi za a yi wa wannan ba. Amma atamfar da muka buga a nan Kakuri da hannunmu, ita ba ta kanti ko ɗaya yanzu. Ba a samunta sai in wata tsohuwa ta kawo zaninta na da wurin tela a yanka wa jika riga. Abin da ya faɗo ƙasa shi nake bi. Laraba da Juma'a nakan sa tsohuwar rigar aikina saboda datti, in rataya buhu, in zagaya shagunan teloli, in tsuguna in tsinta. Kwanan baya na samu guntun mai zanen ganyen rogo, wanda ni na haɗa korensa kafin a haife ki. Har yau bai koɗe ba.

A haka Maman Debby, shugabar Zumuntar Mata ta cocinmu, ta hango ni daga cikin keke napep. Ba ta sauko ta gaishe ni ba, balle ta tambaya. Jiya lokacin sanarwa sakatare ya karanta cewa akwai wani dattijo a cikinmu, ba za a ambaci suna ba, wanda 'ya'yansa manya ne a Abuja da Jos, amma yana tsintar tsumma a kasuwa, don haka a yi baiko na musamman, a tara masa kuɗi. Ni kuwa uban gwanayen tausayi, na girgiza kai, na ce a raina 'ya'yan zamani sai addu'a, na sa hannu a aljihu na jefa nawa. Sai da na ɗago na ga rabin coci na leƙena ta gefen ido.

Bayan sujada mata kusan talatin suka nufo gidana da waƙa, ɗauke da masara da manja da sabulu, har da kwat ɗin wani mamaci. Na fito da bargon na shimfiɗa musu a tsakar gida don su gane. Maman Debby tana gani ta ƙara fashewa da kuka, wai ku duba, har abin rufa ma da tsumma yake haɗawa. Babu wadda ta duba yadda kusurwoyi suka haɗu baki da baki. Na ce su kwashe kayansu, suka ce kunya ce, suka jibge a ƙofa suka tafi suna sa mini albarka.

Raina a ɓace yake ƙwarai. Ke kaɗai na gaya wa, don ke ce mai saurarona. Kada ki tayar da hankalin ƙanenki Benson. Ki gaida kowa, Allah ya kiyaye ku.

Mahaifinki,
Ayuba Shekari

Kakuri, Kaduna
23 ga Satumba, 2024

'Yata Irene,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya tarin ƙaramin jikana, ya lafa? Na gode da wayar da kika yi kina ba ni haƙuri, ko da yake rabin maganar ban ji ba.

Abin da na guda ya faru. Ashe ranar da matan nan suka zo, wata ta ɗauki bidiyo tana rangaɗa amin, aka tura shi zauren wasaf na mutanen garinmu. Daga nan ya isa har ofishin Benson a Abuja.

Shekaranjiya Asabar na fita sayen zare. Da na dawo na tarar da motarsa a ƙofa, ya buɗe gida da mabuɗin da na ba shi don ranar rashin lafiya. Na shiga falo, lungun taga wayam. Ba keke, ba buhun ƙyalle, sai sawun ƙafafun keken guda huɗu a kan siminti. A madadinsu ga wata ƙatuwar talabijin ta cinye rabin bango, ga bargon kanti a cikin leda, mai hoton damisa. Allah ya taimake ni aikina yana ƙarƙashin katifa, da shi ma ya bi su.

Yaron da na goya a wuya zuwa kallon ƙwallo ya tsaya a falona yana karanta mini laifina. Wai na zubar musu da daraja, wai abokan aikinsa suna tambayarsa ko ubansa na cin abinci, wai in ina son bargo ai sai in faɗa a saya mini goma. Na ce masa ba bargo nake nema ba, yi nake so. Bai gane ba, kuma bai yi niyyar ganewa ba. Ya ce sun riga sun yanke shawara. Na tambaye shi inda ya kai keken uwarsa, ya ce yana wuri mai kyau. Buhun kuwa da bakinsa ya ce ya ba masu kwasar shara. Wata shida na tsugunne-tsugunne da wannan gwiwar, Irene, har da mai ganyen rogo.

Bai tsaya nan ba. Ya bi shagunan teloli ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu kada su ƙara barina in tsinci komai. Yau da safe na je wurin Malam Zakariyya'u, mutumin da muke shan shayi tare, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce in yafe masa, ba zai shiga tsakanin uba da 'ya'yansa ba. Ban ga laifinsa ba. Amma a shekara saba'in da ɗaya an mai da ni yaron da ake bi ana cewa kada a sayar masa da alewa.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa fasto ba. Tun da aka rufe masaƙa hannuna bai ƙara yin abin da zan ɗaga in duba in ce ya yi kyau ba. Muddin mamarki na raye ban damu ba, hayaniyarta ta ishe ni. Da ta tafi sai yini ya yi mini tsawo, in karya kumallo in zauna jiran abincin rana. Keken nan ne ya dawo mini da Laraba da Juma'a, ya dawo mini da dalilin yin wanka da wuri. Kuma in na ɗora ƙafa a inda ƙarfen ya side saboda ƙafarta, ina jin kamar ba ni kaɗai ne a gidan ba. Wannan aka ɗauke aka ba ni talabijin.

Ke ce babba, Benson yana jin maganarki fiye da tawa. Ki sa ya dawo mini da keken. Ƙyalle zan sake nema ko da saye ne, saura gida ashirin kawai, kuma ina so in gama kafin sanyi ya sauka muku. Ba ni da wanda zan kai wa kuka sai ke.

Ki gaida maigidanki. Ubangiji ya riƙe ku.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Ayuba Shekari

Kakuri, Kaduna
21 ga Oktoba, 2024

Irene,

Ina gaishe ki. Ina fata yara suna lafiya, maigidanki kuma yana lafiya. Ni ina nan yadda kuka bar ni.

Mako huɗu ke nan kina ce mini a waya kina kan yi wa Benson magana, in ƙara haƙuri. Na ƙara. A cikin makonnin nan na sayi guntayen atamfa a kanti kamar kowa, sanye da riga mai guga don kada wani ya sake yin kuka a kaina. Na yanka gida ashirin ɗin. Na gwada haɗa su da hannu, amma idona ba ya ganin kafar allura, in na samu na zura zare kuma yatsu su ƙi. A mako uku gida biyu na haɗa, su ma na warware, don ba zan jera su kusa da na mamarki ba.

Ranar Juma'a na bi ta tasha, Sam ya taso da fara'a ya gaishe ni. Ya tambaye ni ko madam tana jin daɗin keken. Na ce wane keke. Ya ce ai wanda oga Benson ya bari a tasha aka ce a kai miki, baƙi mai zanen zinariya, nauyi kamar jaki, da kyar shi da maigadi suka hau da shi bene. Ya ce ke da kanki kika buga masa waya tun ana saura kwana uku, kika ce ya keɓe masa wuri a but, can bayan mota. Har ya ƙara da cewa rana ɗaya ya kai miki shi da takardata, keke a baya, takarda a aljihu. Bawan Allah yana faɗa yana dariya, bai san abin da yake faɗa ba. Na ce masa tana jin daɗinsa sosai, na gode. Na rufa miki asiri a tasha, abin da ba ki yi mini ba.

Ashe kin karanta roƙona keken yana jingine a ɗakinki. Kin karanta inda na ce ba ni da kowa sai ke, kika ninke takarda, kika ɗauki waya kika ce in ƙara haƙuri. Benson ya yi mini rashin kunya, amma a gabana ya yi, na ga fuskarsa ya ga tawa. Shi ɗan aike ne ma ashe. Na zauna ina zagin yaron nan a raina wata guda, alhali mai shawarar tana can tana tambayata ko na sha maganin gwiwa.

Na san abin da za ki ce. Dangin mijinki sun ga bidiyon, matan asibiti sun gani, an ce nas guda ta bar ubanta yana yawo da buhu. Ban ce bai yi zafi ba, na san bakin mutanenmu. Da kin hau mota kin zo kin zauna a falon nan kin ce Baba ka kunyata ni, da mun yi faɗa, da wataƙila na ajiye buhun da kaina. Da kin ce in nuna miki abin da nake ɗinkawa, da na fi kowa murna. Mata talatin sun zo, ƙanenki ya zo, ke kin yi waya sau shida. Babu ɗayanku da ya tambaya.

Ga bargon nan a cikin jakar da Sam zai ba ki. Gida sittin a haɗe, sha biyun tsakiya na mamarki ne, za ki gane su, sun fi nawa kyau. Ashirin ɗin da suka rage na ɗaure su daban, na sa wa kowanne lamba da alli. Farin yadi da auduga suna ƙasa. Tunda keke yana wurinki, aikin ma ya kamata ya bi shi. In kin ga dama ki gama, in kin ga dama ki tura ƙarƙashin gado inda baƙi ba za su gani ba. Abin da nake roƙo kawai, kada ki ajiye keken inda laima take, ki riƙa ɗiga masa mai, kuma bel ɗinsa yana zamewa in aka taka da gaggawa.

Na san halinki, kina gama karanta wannan za ki yi kuka ki nemi Sam ya dawo mini da shi gobe. Kada ki yi. Da a makon farko kika dawo da shi, da na taka rawa a tsakar gida da gwiwar nan tawa. Yanzu in na zauna a kansa, ba mamarki zan riƙa tunawa ba.

Ki gaida jikokina, ki ce kakansu yana yi musu addu'a kullum. Ke ma ban cire sunanki ba.

Mahaifinki,
Ayuba Shekari