Rabin Randar Mama

Litinin, 8 ga Afrilu, 1991

Yau ma Mama ta tafi. Na dawo daga aikin awon hanya na tarar da ƙofa a rufe, na san inda zan same ta. Tsohon ƙauyenmu, bayan Idu, tana tsugune gaban duwatsun murhunta tana tuƙa tuwo, gidan ko rufi babu. Katafila na gurnani a gonar su Yamusa. Wannan tsohuwa za ta kashe ni da fargaba.

A hanya na yi ta yi mata wa'azi: Legas ce, babban birnin ƙasa, za ta taso gaba ɗaya ta dawo nan, ga gidan bulo an ba mu, me ya rage? Ta ce, "Thaddeus, bulo ake ci?"

Alhamis, 11 ga Afrilu

Oga Nicholas, shugabanmu a wurin aiki, ya ba ni ɗan rishon gas da muke dafa shayi da shi a daji. Tukunyar gas ɗin a ƙasa, kan wutar a sama. Itace dai babu a sabon matsugunin nan, an share komai, ko inuwar akuya ba a bari ba. In Mama ta samu wuta a nan, me zai kai ta can?

Asabar, 13 ga Afrilu

Iska! Hadari bai zubar ba, sai dai ya turo mana ita. Na ƙarar da ashana kwali guda, ruwa ko ɗumi bai yi ba. Mama na zaune tana kallona kamar mai kallon wasan biri.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Bayan coci na yanke babban gwangwanin man gyaɗa, na kifa shi ya zagaye rishon ruf. Wuta ta tsaya cak, ni kuma sai hura hanci. Manniru mai shayi ya zo wucewa, ya sa hannu ya taɓa tukunyar gas ɗin, ya janye da sauri ya kashe wutar.

"Oga, shayi kake dafawa ko bam?"

Na taɓa, har ta ƙona ni. Ya ce kariya ba kurkuku ba ce. A tare gefen da iska ke bugowa, a bar ɗaya a buɗe, a bar tazara kamar faɗin tafin hannu, a huda ƙasan, a riƙa taɓa tukunyar. In ta yi zafi a kashe. Da Mama ce a wurin fa?

Laraba, 17 ga Afrilu

Ta tafi kuma. Sun rushe cocin tsohon ƙauyen.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Don ta faranta min, ta shiga da rishon ɗaki ta rufe ƙofa da taga, wai maganin iska. Na same ta jingine da bango, kai na sara mata, tana ganin jiri. Na banke taga, na fito da ita. Na yi faɗa, faɗan da ban taɓa yi mata ba: ko ana ruwan ƙanƙara, a baranda ake kunna abin nan. Ta dai kau da kai. Da ma zagina ta yi.

Ban iya cin komai ba.

Talata, 23 ga Afrilu

Na je ɗauko ta, muka haɗu a hanya tana dawowa. Rabin randarmu ce a kafaɗarta, wadda kakata ta gina da hannunta. Katafila ta raba ta biyu. Na ce in karɓa, ta hana.

Da muka iso ta jingina ta a baranda, bayanta ga iska, cikinta ga rishon, nesa kaɗan. Ta kunna da kanta, ta taɓa tukunyar gas kamar mai duba zazzaɓin jika. Ashe duk tana jin Manniru. Wuta ko motsi. Tuwon dawa da miyar kuka, na yi ƙari.

Asabar, 4 ga Mayu

Ba ta sake tafiya ba. Ta shuka kuɓewa a bayan ɗaki, har tana faɗa da maƙwabciya a kan kaji. Abin da na roƙa ke nan. To me ya sa in na tashi aiki nake tsayawa a mararraba kamar wanda ya manta wani abu?

Lahadi, 12 ga Mayu

Na je. Haka kawai, ƙafa ce ta kai ni. Fili fetal, jar ƙasa, turakun awo a jere, irin waɗanda nake kafawa kullum. Na yi ta zagaye ina neman inda ƙofarmu take. Ni da nake auna ƙasa, na kasa gane gidan ubana. Na zauna a ƙasa, na daɗe.

Da na dawo Mama ta dubi jar ƙasar da ke takalmana, ta ajiye min abinci.

"Me ka je nema?"

Na ce aiki ne ya kai ni. Ba ta tuna min yau Lahadi ba.